Kada Ka Ce Rediyon Malam Garba Ya Mutu

Tudun Wada, Zariya.
Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga Yaya Auwalu,

Assalamu alaikum. Yaya, ni ce Sa'adatu nake rubutawa, amma maganar ta Baba ce. Ka san tun da ciwon nan ya taɓa masa ɓarin dama alƙalami ba ya zama a hannunsa. Yana kan bencin shago, ni ina kan tabarma da takarda a gwiwa. Ya ce in rubuta "zuwa ga wancan yaron", don har yau ba ya kama sunan ɗan fari. Ni na sa sunanka da kaina. In ka ga kuskure a rubutu nawa ne. Daga nan shi ke magana.

Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya. Allah ya tsare ka a Kwangila inda kake kwana yanzu, ya tsare ka a hanyar Legas da na ji za ka kama ranar Asabar, kai da maigidanka, don sayo kaya. Innarka tana gaishe ka. Ba zan ba ka labarin gida ba. Kai ka bar shi da ƙafarka, ka kuma daina ɗaukar wayata. Magana ɗaya ce ta sa na zaunar da yarinyar nan.

Jiya Malam Isa ya zo shago, ƙanin marigayi Malam Garba na Hanwa. Ka san Malam Garba, tsohon ma'aikacin nan da ya yi ritaya ya zauna da babban rediyon oba-obansa na kan tebur, da lasisinsa, yana gaisawa da mutanen ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Ya rasu ya bar mata da ƙananan yara. Za a raba gado, ana so a sayar da rediyon a zuba kuɗin cikin rabo. Malam Isa ya ce dillalai sun yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya kunna shi a zaure, ya ji shuuu kawai, ya girgiza kai ya ce ya mutu, sai dai a fasa a ciri kayan ciki. Kuma tayin kowa ƙasa yake da na wanda ya riga shi. Ya ce maigidanka Alhaji Sabo ya yi alkawarin turo ka gobe Alhamis ka yi dubawar ƙarshe. Su kuma sun yanke cewa abin da ka faɗa shi ke nan, "tunda ɗan Malam Ɗanlami mai gyara ne."

Ka ji abin da ya sa Alhaji Sabo ya ɗauke ka? Shagonsa cike yake da yaran da suka fi ka bakin ciniki. Sunana yake so ya ara, ni kuwa ban ba da aronsa ba.

Na san rediyon nan ciki da waje, ni na duba masa shi kafin ya kwanta ciwo. Iskar damina ce ta kayar da eriyarsa daga kan gini yana asibiti, babu wanda ya mayar. Rediyon da ba shi da eriya me zai ji in ba shuuu ba? Dillalan sun sani. Alhaji Sabo ya sani. Kai ma ka sani, don kai ka hau ka ɗaura masa wannan eriyar da hannunka.

Ranar da za ka fita ka ce min, "Baba, gaskiyar nan taka ita ta bar mu a benci ɗaya tun ina yaro. Wa ta taɓa gina wa gida?" Ban ba ka amsa ba, don a lokacin da na buɗe baki zagi ne zai fito. Yau ma ba wa'azi zan yi maka ba, ni ba malami ba ne. Wautar da na tafka a sana'ar nan zan lissafa maka, in ya so ka zaɓi wadda kake son maimaitawa.

Rediyon farko da na saya da kuɗina, ina saurayi, wani direban tirela ne ya kawo shi daga kudu. Baƙi ne, yana ƙyalli, ko ƙwarzane babu. Ya jona masa waya ya jefa kan darbejiya, ya murɗa, sai ga muryoyi suna zuba: Faransanci, Larabci, da wani yare kamar ana tauna gyaɗa. Kaina ya kumbura. Ko tayi ban yi ba, yana faɗar kuɗi na ce na saya. Na kai shi gida na danna makirfo, na yi ta kira har maƙogwarona ya bushe, babu wanda ya amsa. Ashe kunnensa ne lafiya, bakinsa a ƙone yake. Wani ya taɓa danna shi babu eriya, kayan da ke tura murya suka ƙone, kuma su suka fi komai tsada a cikinsa. Maigidan da ya koya min aiki ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ɗanlami, ka sayo bebe ka biya kuɗin maroƙi!"

Ranar ya ba ni ƙwan lantarkin nan da ka tashi kana gani rataye a ƙusa. Irin na da ne, mai zare a ciki, ba farin nan na yanzu ba, an liƙa masa guntuwar waya. Ka jona shi a inda eriya take shiga, ka danna makirfo ka yi magana. In bakin rediyo lafiya yake, ƙwan zai kama, yana haske yana lafawa daidai da muryarka. In ya ƙone, ko ihu ka yi ba za ka ga komai ba. A Legas za su kunna maka rediyo ka ji duniya tana magana. Kada ka ciro ko sisi sai ka ga ƙwai ya kama. Wanda ya ce maka babu lokacin gwaji, ka ce kai ma babu lokacin biya.

Akwai kuma wani likita da ya dawo daga Amurka da nasa rediyon, yana so ya sayar. Ina ta rawar kai in nuna masa na iya aiki. Ban juya na karanta bayan akwatin ba, na soka shi a bango kai tsaye. Wutarsu can rabin tamu ce. Sai fus! Hayaƙi ya turnuƙe shago, wari kamar ana babbakar akuya. Likita ya ja da baya ya ce, "Malam, dama haka yake yi?" Da na ce eh, da ya yarda, da na saye shi a kuɗin gwangwan. Amma na ce, "A'a ranka ya daɗe, ni na kashe shi." Na gyara masa da guminna, sannan muka yi ciniki a kan kuɗin mai lafiya. Saboda haka ka karanta bayan kowane akwati kafin ka nemi soket. Kuma abin da ya mutu a hannunka naka ne, ba a rage wa mai kaya kuɗi saboda ɓarnar da kai ka yi. Balle a murɗe maɓalli ƙasa a gabansa a ce masa kayansa ba ya ji.

Arha ma ta taɓa kai ni inda ban so ba. Kana goye lokacin. Wani matashi ya zo da ƙananan oba-oba na hannu a cikin buhu. Na taya da ƙasa don in ji bakinsa, ina jiran ya ce albarka, sai kawai ya ce, "Kawo." Na yi murna, na ce yau na tashi da sa'a. Ban lura an kankare lambar bayansu ba. Ashe na masu gadin wani kamfani ne aka sace. Na kwana a ofishin 'yan sanda, Innarka tana kai min tuwo da kai a bayanta, tana kuka tana min faɗa a lokaci ɗaya. Mai sayarwar da bai ce albarka ko sau ɗaya ba, ka ji tsoronsa. Ka tambayi inda kaya ya fito, ka nemi takardarsa, ka duba lamba. Haka mai sayen da ya zo neman da yawa, ba ya tayi, ba shi da lasisi, ba ya son a san garinsu. A zamanin nan ka san inda irin waɗannan kayan suke ƙarewa. Ka ce babu, ko da suna jere a bayanka yana kallo.

Kada ka ɗauka cewa nake ka yi kyauta da riba. Ni ma na taɓa cutar kaina ta ɗaya ɓangaren. Akwai wani rediyo da na so kamar ɗan cikina, na aza masa kuɗin da zuciyata ta ga dama. Mutane suka yi ta tayi mai kyau, ni kuma ina ta albarka, albarka, kamar an ɗora min karatu. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Ranar da na buɗe shi sai na tarar danshi ya ci, kyankyasai sun yi unguwa a ciki har da mai unguwarsu. A kayan gyara ya ƙare. Son da kake yi wa kaya ba ya cikin kuɗinsa.

Ga yadda nake sa kuɗi tun daga nan. Ina tambayar nawa aka sayar da irinsa kwanan nan a Zariya ko Kaduna ko Kano, hannu da hannu. Ban da abin da kuke gani a waya da dala, wannan kuɗin da mai kaya yake fata ne, ba wanda aka biya ba. Sai in cire abin da gyara zai ci, in gyaran na gaske ne. In duba ko makirfonsa na asali ne, ko akwatin wutarsa yana nan, ko an taɓa buɗe shi an yi masa ɗinkin makaho. Sai in cire ribata. Sannan in faɗa wa mai kaya duka da bakina: kayanka zai kai kaza, gyara kaza, ni zan ci kaza, ga abin da zan ba ka. In ya ce albarka, ga hanya, ya gwada wani shagon. Ribar da ba za ka iya faɗa wa mai kaya a fuskarsa ba, sunanta daban ne.

Saura wadda ka sani, don na sha faɗa muku ita kuna cin tuwo. Lokacin Alhaji Sabo bai je Makka ba, Sabo ne kawai, shagunanmu suna jere. Muna da haɗin baki. In baƙo ya kawo kaya, na farko ya taya da ƙasa ya ce ya lalace, ya aika yaro ta baya ya sanar da saura. Duk shagon da mutum ya shiga sai ya ji ƙasa da na baya, har ya gaji ya koma wurin na farko yana godiya. Da yamma a raba ribar. Wani dattijo ya zo daga Dutsen Abba da rediyon ɗansa da ya rasu, ɗaure a bayan keke. Ni ne na ƙarshe a layi, don an san ni da gyara. Na buɗe, na ga lafiyarsa ƙalau, fiyus kawai aka zare. Ƙwan nan yana rataye a saman kaina ban taɓa shi ba. Na ce, "Baba, ya mutu." Ya dube ni ya ce, "To, tunda kai ma ka faɗa."

Ba a yi nisa ba sai ga rediyon a gaban shagon Sabo, an jona masa eriya yana ta zuba magana. Dattijon ya zo wucewa a kekensa. Ya sa ƙafa ƙasa ya tsaya, ya saurara. Bai yi faɗa ba, bai kira kowa ba. Ya juyo ya same ni da ido ya ce, "Sannu da aiki, Malam Ɗanlami." Ya hau kekensa ya tafi.

Washegari na ce na fita daga haɗin. Suka daina sayar min da kayan gyara, suka daina turo min aiki, suka sa min suna Liman. Na tattara na dawo Tudun Wada na kafa bencin nan da kake rainawa. Sabo ya yi bene, ya yi mota. Ni ban yi ba, kuma ban yi nadama ba, rubuta shi da kyau Sa'adatu, ban yi nadama ba. Kwanaki ya aiko a gaya min in na bar tsaurin kai zai taimaka da kuɗin magani. Na ce a gaya masa hannuna ne ya shanye, bakina yana nan.

Yanzu kai ya sa a ƙarshen layi, a wurin da na tsaya. To ban zauna ina jiran in ga abin da za ka yi ba. Yarinya, faɗa masa abin da ya faru yau, ke kika gani.

Yaya, ni ce kuma. Da safe Baba ya sauko da ƙwan daga ƙusa ya naɗe a tsumma ya ba ni. Hajiya Rabi, matar marigayi, tana takaba, maza ba sa shiga wurinta. Duk abin da dillalai suka faɗa a zaure, saƙonsa kawai ake kai mata. Shi ya sa Baba ya ce mu za mu je, ni da Inna. Na ce ni ban iya ba. Ya ce, "Kin fi shekara kina miƙo min kayan aiki, idonki a rufe yake?"

Muka hau keke napep zuwa Hanwa. Hajiya ta karɓe mu a ɗakinta, muka yi mata gaisuwa. Rediyon yana ƙarƙashin gado an lulluɓe shi da zane. Ta ce, "Ga gawar nan. Ni ko kallonsa ba na son yi. Malam ya fi hira da shi a kan ni, yanzu kuma sun tafi tare." Inna ta kira Baba a waya ta sa a lasifika, ta riƙe kusa da kunnena. Yana faɗa ina yi. Na jona akwatin wuta, na sa ƙwan a ramin eriya, na ga an murɗe wani maɓalli har ƙasa na mayar da shi inda Baba ya ce. Yaran gidan suka taru a bakin ƙofa, har da maƙwabta mata. Na ɗauki makirfo.

Baba ya ce in danna makirfo in yi sallama. Na yi. Zaren ƙwan ya ɗan yi ja kaɗan ya mutu. Inna ta ce, "Malam, kamar ya motsa, kamar bai motsa ba."

Baba ya daka tsawa ta cikin waya, kowa yana ji: "Ke! Ba surukarki kike gaisarwa ba! Buɗe baki!"

Matan suka fashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na rufe ido na ce assalamu alaikum da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Sai na ji ƙaramin yaron gidan yana ihu, "Ya kama! Umma, ya kama!"

Hajiya ta sauko daga gado ta durƙusa kusa da ni. Ta ce, "Ba ni nan." Na nuna mata inda ake dannawa. Ta riƙe makirfon da hannu biyu ta danna. Sai ta ce, "Allah ya jiƙanka, Malam." Ƙwan ya haska har ana ganin inuwarmu a bango. Ta sake faɗa, ya sake haskawa. Inna ta juya tana share ido da gefen hijabi.

Sai Hajiya ta karɓi wayar ta ce, "Malam Ɗanlami, to nawa ne kuɗinsa na gaskiya? Hakkin marayu ne."

Baba ya ce, "Hajiya, ba ni zan faɗa ba. Gobe ɗana zai zo, ki tsaya bayan ƙofar zaure ki ji da kunnenki. Shi zai faɗa."

Ta ce, "Yaron Alhaji Sabo? Zai faɗi gaskiya kuwa?"

Baba ya ce, "Yana yi wa Alhaji Sabo aiki. Amma ɗana ne."

Shi ke nan abin da na gani, Yaya. Baba ya ce in ci gaba da nasa.

To ka ji. In ka shiga zauren nan gobe ka ce ya mutu, ka sani matar da ke bayan ƙofa ta ga ƙwai ya kama da muryarta. Ba za ta yi maka faɗa ba. Sannu da aiki kawai za ta ce maka, ni kuwa na san nauyin wannan gaisuwar, har yau ban sauke ta ba.

Da na so da na faɗa mata kuɗin da kaina na rufe maka hanya gaba ɗaya. Ban yi ba, don ka san kuɗin kamar yadda na sani, ni na koya maka lissafin. Ka je ka gwada shi a gaban Malam Isa, ka faɗi abin da zai kai, ka faɗi abin da mayar da eriya zai ci, ka faɗi ribar da maigidanka zai samu in ya saya. Akwai riba a ciki mai kyau, ta halal, wadda za ta ishi mai wadatar zuci. In Alhaji Sabo ya saya a haka, madalla, ka tafi Legas da albarkata. In ya tambayi wanda ya ɓata masa shiri, kada ka rufa min asiri. Ka ce Ɗanlami ne, yana Tudun Wada inda ya bar shi, bencin bai motsa ba.

Na san zai iya fasa tafiya da kai. Na san ka riga ka gaya wa abokanka, har ka ɗinka sababbin kaya. Zai yi maka zafi, ba zan ce ba zai yi ba. In hakan ta faru ka dawo gida da rana tsaka, ta ƙofar gaba, babu wanda zai ce maka ai na gaya maka. Na ja wa Innarka kunne a kan wannan, ta ce za ta yi ƙoƙari. Akwai aiki a bencin nan da ya fi ƙarfin hannu ɗaya, kuma ƙanwarka ta fara iyawa, sai dai muryar.

Ƙwan yana cikin ledar da ta zo da takardar nan. Ka riƙe shi da kyau, irinsa ya yi wuya a kasuwa yanzu. Ko Legas ka tafi ko gida ka dawo, naka ne.

Allah ya tsare gabanka da bayanka. Allah ya kiyaye ka daga sharrin hanya, da sharrin ƙarfe, da sharrin abokin ciniki, da na bakinka. Allah ya ba ka halal mai albarka ko kaɗan ce, ya hana ka cin abin maraya ko da yunwa za ta kashe ka. Allah ya sa in ji sunanka a bakin mutane in ɗaga kai. Amin.

Mahaifinka,
Ɗanlami mai gyara.

Yaya, ni ce ta ƙarshe. Baba ya shiga alwala, bai san na ƙara wannan ba. Da muka fito Hajiya Rabi ta tambaye ni kamanninka, don ta gane ka ta kafar ƙofa. Na ce dogo ne, yana da tabon ƙuna a babban yatsa irin na Baba. Ta ce to za ta duba yatsan. Na naɗe ƙwan da ɗankwalina don kada ya fashe. In ka gama gwajin gobe, ka kawo min ɗankwalina da kanka.

Ƙanwarka,
Sa'adatu.